Ƙyallin Taya Ba Tsabta Ba Ne

  A makon nan zan ɗan sauka daga kan maganganun manya, in tattare riga, in durƙusa gindin mota, mu yi zancen taya da burushin da a ke wanke ta. Na san wani zai ce, ashe duk abubuwan da ke damun ƙasar nan an rasa abin tattaunawa sai dauɗar taya? To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu, gama ƙaramin abu ya kan ja babba, kuma ran mutum da dukiyarsa duk a kan waɗannan robobi huɗu su ke tafiya.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ran wata Asabar aka gayyace ni ɗaurin auren wani abokin aiki a Kubwa. Da sassafe na kai 'yar motata wani wurin wanki a bakin titi, irin waɗanda ba a rasa su a kowace unguwa ta Abuja. Da yaron ya gama, sai ya ɗauko wata gora mai baƙin ruwa a ciki, ya ce, "Oga, a sa wa taya mai?" Na ce a sa. Ya tsoma soso ya shafe tayoyin nan huɗu, suka yi baƙi wuluk, suna sheƙi sai ka ce yau aka fito da su daga kanti. Na ji daɗi, har na ƙara masa wani abu a kan kuɗin wanki.

Ban san na sayi wahala da kuɗina ba sai da na isa wurin ɗaurin aure. Garin ratsawa tsakanin motoci, gefen babbar rigata, farar shadda, ya shafi taya. Da na duba sai ga baƙin tabo ya fi tafin hannu. Na kuma duba ƙofofin motar, na ga ɗigo-ɗigon baƙin mai da tayoyin suka yi ta fesawa a kan fenti tun daga hanya. Bayan kwana uku kuwa, jar ƙurar Abuja ta bi man nan ta manne, tayoyin suka koma kamar an yaɓa musu kwaɓaɓɓiyar ƙasa, in ka taɓa sai yatsa ya kama.

Na koma wurin wankin da fushina. Mai wurin, wani dattijo, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya kira yaron ya ce ya kawo burushin taya. Da na gan shi sai fushi ya koma mamaki. Gashin burushin duk ya dunƙule ya haɗe, baƙin maiƙo ya cika gindinsa, ko ruwa ba ya shiga. Na ce, "Baba, da wannan a ke wanke mana mota?" Ya ce, "Da shi fa, Malam. Abin da ke cikin gorar nan kuwa baƙin mai ne da ɗan gas, domin na kanti ya yi tsada. Kuma ai ku ne ku ke so. In ba mu shafa ba, sai ku ce ba mu wanke mota ba." Na yi shiru, domin dattijon nan gaskiya ya faɗa. Ni da bakina na ce a sa.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin al'amarin, kuma abin da na fahimta shi ne, dauɗar da ke kan taya ba iri ɗaya ba ce. Iri uku ce, wanda bai rarrabe su ba kuwa zai yi ta gurza a banza.

Ta farko ita ce wadda mu ke shafawa da hannunmu, watau man ƙyalli. Na kanti ma kashi biyu ne. Akwai wanda a ke narka sinadarin silikon cikin wani dangin man fetur, shi ne mai sheƙi ƙwarai, shi ne kuma mai danƙo da kama ƙura. Akwai wanda a ke damawa da ruwa, fari kamar madara, ba ya sheƙi sosai, amma ya fi sauƙin wankuwa. Matsalar ita ce kowane wanki sai a ƙara sabon shafi a kan tsoho, ba a kankare na jiya ba, har ya taru ya yi kauri. A ƙasan waɗannan kuma sai haɗe-haɗen bakin titi, na baƙin mai da gas, wasu har da man birki, wanda in ya ɗiga a kan fenti ya kan cinye shi.

Ta biyu ita ce wadda taya ke kwasowa a ƙasa. Duk wanda ya taɓa kai mota garejin kanikawa na Apo, ko wuraren gyara na Kugbo da Dei-Dei, ya san yadda ƙasar irin waɗannan wurare ta kan sha baƙin mai da giris. Shi giris, ga wanda bai sani ba, mai ne aka dama da wani irin sabulu na ƙarfe, galibi na litiyam, don ya yi kauri ya zauna cikin ƙarafa, ruwa bai kore shi ba. Watau da gangan aka yi shi don ya gagari ruwa. Saboda haka wanda ya tsaya yana kwara masa bokiti bayan bokiti, ɓarnar ruwa kawai ya ke yi.

Ta uku kuwa ita ce ta fi ruɗa mutane, domin ba daga waje ta zo ba, daga cikin tayar ta ke fitowa. Tun da Charles Goodyear na Amurka ya gano dabarar dafa roba da farar wuta a 1839, John Boyd Dunlop kuma ya fito da tayar da a ke hura wa iska a 1888, masu yin taya su ke fama da abokan gaba biyu, watau hasken rana da wata iska mai cin roba da a ke kira ozon. Don haka su kan cakuɗa robar da wani irin baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda shi ne ya sa taya ta ke baƙa, su kuma zuba wani kaki da wani sinadari mai suna 6PPD. Aikin waɗannan biyu shi ne su riƙa tsattsafowa a hankali zuwa bayan taya, su tare iskar nan kafin ta tsattsage robar. In sinadarin ya gama aikinsa sai ya rine ya koma ruwan ƙasa. Jan-jan ɗin da mu ke gani a gefen taya ke nan, mu ɗauka ta tsufa, mu ce a rufe shi da mai. Alhali kuwa alama ce ta cewa tayar na kare kanta.

To, a nan ne gizo ke saƙa. In maiƙo ya gagara, abin da ya fi saurin zuwa ran direba da yaron wanki shi ne fetur, ko kananzir, ko gas. Ba shakka suna narka maiƙo nan take. Amma fa robar taya, ta itace ce ko ta masana'anta, tana shan dangin man fetur kamar yadda soso ke shan ruwa. Sai ta kumbura ta yi laushi, man kuma ya janyo kakin nan da sinadarin nan da aka ajiye don tsaron shekaru, ya fito da su lokaci ɗaya. In ya bushe sai a bar roba tsirara a gaban ranar Abuja. Sannu a hankali sai ƙananan tsaga su bayyana a gefenta, kamar faso a dunduniya. Dalili ke nan da ya sa manyan kamfanonin taya su ke gargaɗi a guji duk wani abin wanki ko na shafi mai dangin fetur a ciki, a tsaya ga ruwa da sabulu. Wanda ya wanke taya da fetur ya yi gyaran gangar Auzinawa, garin neman gira ya rasa ido. Balle ma tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, fetur ya wuce abin da mai hankali zai zuba wa taya. Ga kuma haɗarin gobara, in an yi sakaci da guntun taba.

Mene ne abin yi ke nan? Ga yadda na bi na ceto tayoyina, kuma ba wani kayan aiki na saya ba wanda ya fi ƙarfin talaka.

Da farko a nemi inuwa, a bar taya ta huce, domin in tana da zafi sabulu zai bushe kafin ya yi aiki. Kada a fara da ruwa. A sami tsohuwar jarida, ko da wannan da ke hannunka ce in ka gama karantawa, ko tsumman da ba a so, a share kaurin maiƙon tun yana busasshe. In giris ne ya dunƙule, a kankare shi da guntun katako, ba da wuƙa ko ƙarfe ba. Duk abin da aka kwashe da takarda, an rage wa burushi da kwata. Bayan nan sai a watsa ruwa a kore yashi da ƙura.

Sa'an nan a dama sabulun ruwa na wanke kwanoni, ko garin sabulun wanki, cikin ruwan ɗumi, ya yi kauri. Hikimar sabulu ita ce kowace ƙwayarsa baki biyu gare ta, ɗaya na kama mai, ɗaya na kama ruwa, da haka ya ke ɗauke maiƙo ya miƙa wa ruwa ya tafi da shi. Amma yana bukatar lokaci. A shafa shi a gefen taya, a bar shi kamar minti uku zuwa biyar, kada dai ya bushe, sa'an nan a gurza da burushi mai taurin gashi na roba. Za a ga kumfa ta fito baƙa ko ruwan ƙasa. A ɗauraye, a sake. Ma'aunin gamawa shi ne launin kumfa: in ta fito fara, taya ta wanku. Nawa sai da na yi sau huɗu. In an sami ruwan wanke maiƙo na kanti, wanda a ke tsarmawa da ruwa, ya fi sauri, amma a bi ƙa'idar da ke jikin gorar. A guji soda mai ci, irin ta haɗa sabulu, gama tana ƙona fata, tana kuma ɓata wilin alminiyam. A guji burushin waya, domin karce roba ya ke yi.

In taya ta bushe za a ga ta yi baƙi mai duhu, ba sheƙi, in an shafa yatsa ba ya kamawa. Asalin kamannin taya mai tsabta ke nan. Wanda ya ce lalle sai ya ƙara mata ado, to, ya nemi mai ruwa-ruwan nan, ya shafa kaɗan a gefe kawai, ya goge ragowar, ya bari ya bushe kafin ya tashi mota. Kada ko ɗigo ya taɓa zanen da ke taka ƙasa, ko ya shiga wajen birki. Masu babur kuwa, da masu acaɓa da ke aiki a unguwannin bayan gari tun da aka hana su tsakiyar Abuja a 2006, su kam su bar shi ɗungum. Babur a kan gefen taya ya ke kwantawa in zai sha kwana, mai a wurin nan kuwa kiran ajali ne.

Yanzu sai burushi, wanda shi ne ainihin mai yaɗa cutar. Burushin da ya sha maiƙo ba wanki ya ke yi ba, rabo ya ke yi: ya ɗebo daga motar da ta fito gareji ya shafa wa motar da ta zo da tsabtarta. Hanyar ceto shi ba ta da wuya. A fara murza gashinsa a kan jarida ko cikin garin katako har ya rage. In maiƙon ya daskare, a ɗiga masa ɗan man gyaɗa a cuɗa, gama mai shi ke narka mai, kuma sabulu ya fi saurin ɗauke man gyaɗa a kan giris. Sa'an nan a jiƙa shi cikin ruwan zafi da sabulu mai yawa kamar rabin sa'a. Ruwan ya zama mai zafi amma ba tafasasshe ba, don kada gashin ya lanƙwashe. A sa tsohon mataji a tsefe shi daga gindi zuwa baki, domin a gindin ne dauɗa ke ɓuya. A canja ruwa a maimaita har ruwan ya daina yin baƙi. A ɗauraye, a kakkaɓe, a rataye shi gashi na kallon ƙasa ya bushe. Barin burushi ya kwana cikin bokitin ruwan datti shi ke kashe shi. Wanda kuma gashinsa ya riga ya baje ya kwanta, a haƙura da shi, a mai da shi na wanke ƙarafan gareji.

Ka'ida ɗaya ta fi duk waɗannan: burushin taya na taya ne kaɗai, da bokitinsa daban. Sosan jikin mota daban, tsumman gilashi daban. In an ɗauraye burushi da sabulu bayan kowace mota, aikin minti ɗaya, ba zai taɓa kai wa halin da na gani a hannun yaron nan ba. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma wasu biyu da ke biyan kuɗin ƙyallin nan ba da saninsu ba. Na farko yaran wanki ne, waɗanda yawancinsu 'yan'uwanmu ne da suka baro gida neman halali. Na dubi hannun wanda ya wanke mini mota, duk ya bushe ya tsattsage. Baƙin man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙonewa da burbuɗin ƙarafa, kuma binciken masana ya nuna yawan cuɗanyarsa da fata na iya jawo ciwon daji na fata. Wanke hannu da fetur kuwa ƙara buɗe masa ƙofa ne. Safar hannu ta roba ba ta kai kuɗin wankin mota ɗaya ba. A wanke hannu da ɗan man gyaɗa, a bi da sabulu, ya wadatar.

Na biyu shi ne ruwa. Duk abin da aka kora cikin kwalbatin bakin titi, rafi ya nufa. Rafukan birnin nan wasu na zuba cikin tafkin Jabi, wasu na bin Wupa da Usuma, su ratsa ta wajen Gwagwalada su faɗa Gurara, Gurara kuma ta kai Kwara. A bakin waɗannan ruwaye akwai masu noman rani, da masunta, da makiyaya, da ƙauyukan da ba su san famfo ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce baƙin man da a ke juyewa daga mota ɗaya a juyi ɗaya ya isa ya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Ko sinadarin nan na cikin taya ma ba a bar shi a baya ba, domin a 2020 masana a Jami'ar Washington suka gano cewa abin da ya ke rikiɗa ya zama, in ruwan sama ya wanke shi daga titi zuwa rafi, shi ke kashe wani irin kifi a yankinsu. Saboda haka jaridar da aka share maiƙo da ita da garin katakon da ya sha mai, a ƙulle su a kai bola, kada a ƙona su a tsakar gida, kada a tura su kwata. Baƙin mai kuwa a tara a jarka a ba masu saye.

Wani abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ƙyalli mayafi ne. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, mafi yawan tayoyin da mu ke hawa daga waje a ke kawo su, tsadarsu na bin tsadar kuɗin ƙetare. Wannan ya tura jama'a da yawa ga tayoyin gwanjo, ko da ya ke suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Mai sayar da irin waɗannan ba abin da ya ke so kamar man ƙyalli, domin yana cike tsaga ya rufe tsufa. In za ka sayi taya, goge gefenta ka duba da kyau. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne cewa kada a amince da tayar da ta wuce shekara huɗu. Ba mu manta ba da ran 6 ga Maris, 2016, lokacin da tayar motar ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu tare da matarsa da ɗansa. Ban kawo wannan don in ce maiƙo ne sanadi ba, sai don mu tuna cewa taya ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba. Tayar da aka wanke tas ita ce ke nuna wa mai ita tsaga da kumburi tun kafin a hau babbar hanya.

Daga ƙarshe ina kira ga Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, da ta dubi wuraren wankin mota da garejoji da idon gyara, ba na kora da tara kaɗai ba. Ɗan ramin siminti mai ɗaki biyu, inda mai zai taso sama a kwashe, yashi ya kwanta ƙasa kafin ruwa ya wuce, ba wani abu ne mai tsada ba, kuma kowane magini zai iya yin sa in an nuna masa. Shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi su ma suna da bakin da a ke ji, su yi amfani da shi.

Amma babban gyara na hannunmu ne, mu masu motoci, gama dattijon nan ya riga ya faɗa: mu ne mu ke so. Ran da muka daina auna wanki da sheƙi, ran nan gorar baƙin mai za ta ɓace daga bakin titi. Ni dai na koma wurinsa da sabon burushi da safar hannu biyu, na ce wa yaron, daga yau ruwa da sabulu kawai. Ya dube ni ya ce, "Oga, ba za ta yi kyau ba fa." Na ce na ji, na yarda. Rigar shadda kuwa har yau da sauran inuwar tabon a gefenta, ta zama mini abin tuni.

Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.